Muhammadu al-Katsinawi: Malamin da ya rubuta ƙa'idar hatimi, ya rasu a Alƙahira

Duk wanda ya tashi a Kiyawa, ko Shuwarin, ko wani ƙauye na ƙasar Dutse, da wuya a ce bai taɓa ganin hatimi ba. Zane ne mai kusurwa huɗu da aka tsaga gida-gida, kowane gida da harafi ko lamba a cikinsa. Ana ganinsa a ƙasan allon rubutun sha, ana naɗe shi cikin laya, wani lokaci a tarar da shi liƙe a saman ƙofar shago, hayaƙi da ƙura sun dusashe tawadarsa. Mafi shahara shi ne mai gida tara: 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa. Ko a kwance aka tara lambobin, ko a tsaye, ko daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 za a samu.

Mutane sun daɗe da rabuwa biyu a kan wannan zane. Wasu na ganin asiri ne da ba a tonawa, wasu na ganin tsibbu ne da bai kamata a kusanta ba. Kaɗan ne ke tsayawa su tambayi yadda aka yi lambobin suka daidaita haka, da yadda za a yi idan gidajen sun kai 25, ko 49, ko 121. Kusan shekara 300 ke nan da wani malami Bafulatani daga ƙasar Katsina ya zauna ya amsa wannan tambaya a rubuce. Sunansa Muhammad bn Muhammad al-Fulani al-Kashnawi, wato Bakatsine, kuma littattafan Larabci na ƙara masa laƙabin al-Danrankawi, wanda masana ke dangantawa da wani gari mai suna Ɗan Ranko. Ya rasu a Alƙahira a shekarar 1154 ta Hijira, daidai da 1741.

Ƙasar da ya baro

Ya yi ƙuruciyarsa a lokacin da Katsina ke ganiyarta. Ayarin raƙuma daga Agadas da Gat na sauka a birnin, fataken goro na ratsa ƙasar zuwa Gwanja, kuma sunan Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, bai bar bakin almajirai ba. A kudu maso gabas kuwa akwai daular Kano, wadda Dutse da Kiyawa ke ƙarƙashinta a wancan zamani. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, daga 1703 zuwa 1731, wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa a matsayin kuɗi, kuma shi ne sarkin da aka sani da ƙirƙiro sababbin harajai. Ɗansa Kumbari, wanda ya yi sarauta daga 1731 zuwa 1743, ya kai yaƙi Dutse, ya tsawwala wa kasuwar Kurmi haraji har ta kusa mutuwa, ya ɗora wa malamai ma nasu. Larabawan birni suka kwashe kayansu suka koma Katsina, talakawa suka watsu cikin ƙauyuka.

Shigowar wuri ta sa ƙirga ya zama sana'a. Mai ƙirga kan ja wuri biyar-biyar da yatsunsa, ya tara su tuli-tuli, ashirin ta zama hauya, ɗari ta zama zangu, dubu ashirin ta zama keso. Fiye da ƙarni guda bayan haka, Bajamushe Heinrich Barth ya tarar ana wannan ƙirga ta biyar-biyar a Tasawa, ya kuma rubuta irin wahalarta. Wanda ya tashi a irin wannan kasuwa ya san abin da ɗan makarantar yau ke shan wuya kafin ya gane, wato goma ba ita kaɗai ce ma'aunin tara lambobi ba.

Karatun al-Katsinawi bai tsaya a Katsina ba. Daga cikin malamansa akwai Muhammad al-Wali, Bafulatanin ƙasar Bagarmi, kudu maso gabas da Tafkin Cadi, wanda ya yi suna a ilimin tauhidi, ya kuma rubuta risala mai zafi a kan haramcin taba. Akwai Shaihu Hashim, da Muhammad Fodi, da Muhammad Bindu. A hannun wannan na ƙarshe ya karanci ilimin haruffa da aufaƙi, wato hatimai, tare da hisabi da sanin lokuta bisa tsarin malaman Magrib. Bai taƙaita ga waɗannan ba, domin daga baya ya yi rubutu a nahawu da manɗiƙi. Irin malamin nan ne da ake cewa ya sha daga kowace rijiya.

Lissafi iri uku a kai ɗaya

Hisabin da ya koya ya ginu ne a kan ba kowane harafin Larabci ƙima: alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, a tafi haka har 9, sannan a shiga gomomi, sannan ɗaruruwa, a ƙare da dubu. Malamai kan sake jera haruffan ta wata hanya da ake kira aiƙash, inda ake haɗa alif da ya da ƙaf da shin wuri guda, domin ƙimarsu 1, 10, 100 da 1,000 ce. Ba da kaf da ra su zama ƙungiya ta biyu: 2, 20, 200. Dal da mim da ta: 4, 40, 400. Duk wanda ya dubi wannan jeri zai ga cewa masu shi sun san lamba ɗaya ce ke sauya gida, ko da yake da haruffa suke rubutu.

Akwai tarko a ciki ga matafiyi. Jerin haruffa na Magrib, wanda Afirka ta Yamma ke bi, ya saɓa da na Gabas a haruffa shida. Shin a Katsina 1,000 ce, a Masar 300. Gain ce ke ɗauke da 1,000 a can. Malaman ƙasar Hausa na son rubuta shekara da ramzi, wato a harhaɗa haruffa su ba da kalma wadda jimillarta ita ce shekarar. Shekarar rasuwar al-Katsinawi kanta, 1154, idan aka rubuta ta da shin da ƙaf da nun da dal, Bakatsine zai karanta daidai, Bamisire kuwa zai samu 454, ya yi kuren shekara 700 cif. Wannan fanni na ramzi yana cikin abin da malamin ya yi bayani, kuma a 1967 Hassan Gwarzo ya wallafa nazari a kan bayanin nasa a mujallar cibiyar adana rubuce-rubucen Larabci ta Jami'ar Ibadan.

Ilimin lokuta kuma, wanda da shi ake fitar da lokutan salla da alƙibla, ba da goma yake tafiya ba. Daraja ɗaya daƙiƙa 60 ce, daƙiƙa ɗaya kashi 60, gadon da ya taso tun daga Babila, wanda har yau yake a fuskar agogo. Ke nan mutum ɗaya na rayuwa da ƙirga uku: biyar-biyar a kasuwa, goma-goma a allo, sittin-sittin idan ya ɗaga kai sama.

Makka, sannan Masar

Ya kama hanyar hajji kamar yadda malaman zamaninsa ke yi, tafiyar da kan ci shekaru. Ya ratsa dauloli da dama, ya gana da sarakunansu da malamansu, har ya rubuta labarin tafiyar. Ya yi aikin hajji a 1142, wato 1730.

A Makka ya fara babban littafinsa, al-Durr al-Manzum, a kan ɗalasimai da taurari, wanda ya gina a kan wani tsohon littafi da ake jingina wa Fakhruddin al-Razi. Kamar yadda ya nuna a gabatarwar littafin, tun daga gida aka gargaɗe shi da ya ɓoye saninsa na waɗannan fannoni idan ya isa Gabas, kuma ya ɓoye ɗin na wani lokaci, har sai da aka matsa masa da roƙo. Gargaɗin na da dalili. Tun ƙarni na 14 Ibn Khaldun ya sanya ilimin sirrin haruffa kusa da sihiri, kuma baƙon malami daga ƙasar Sudan na iya wayar gari ya ga an manta da nahawunsa da fiƙihunsa, an mayar da shi ɗan duba. Ya kammala littafin a Alƙahira a 1146.

Alƙahira ba baƙon wuri ba ne ga mutanen tsakiyar Sudan. Tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suka kafa makarantar Ibn Rashiƙ a can domin ɗalibansu da alhazansu, kuma a Azhar akwai ruwaƙin Barebari, masaukin ɗaliban Barno. Amma al-Katsinawi ya samu masauki a gidan Hasan al-Jabarti, malamin Hanafiyya wanda kakanninsa suka fito daga yankin Zaila a Ƙahon Afirka, mutum mai son ilimin taurari da kayan awo. Mai gida ya zama ɗalibin baƙonsa a fannin hatimai.

A tsakanin waɗannan shekaru, a 1145, daidai da 1732 zuwa 1733, ya rubuta littafin da masana lissafi suka fi saninsa da shi: Bahjat al-Afaƙ, a kan ilimin haruffa da aufaƙi.

Takun doki

Abin da ya ɗaukaka wannan littafi shi ne hanyoyin da ya shimfiɗa na gina hatimi mai gefe wutiri, wato mai gida 3, ko 5, ko 7, ko 11 a kowane gefe, ba tare da lalube ba. Almajirin da ya haddace hatimi mai gida tara ya san abu ɗaya. Wanda aka ba ƙa'ida zai iya zana wanda bai taɓa gani ba.

Ɗaya daga cikin hanyoyin ta dogara ne a kan takun doki na wasan shaɗaranji, wanda Barebari ke kira tsatsarandi: gida biyu a miƙe, gida ɗaya a gefe. Ga misalin irin wannan hanya a hatimi mai gida biyar-biyar, wanda kowa zai iya gwadawa a bayan takarda. A sa 1 a gidan farko na sama ta hagu. A sauko gida biyu, a matsa ɗaya dama, a sa 2. A ci gaba da haka. Idan taku ya fita ta ƙasa, a shigo ta sama. Idan ya fita ta dama, a shigo ta hagu, kamar an naɗe takardar gefe ya haɗu da gefe. Duk lokacin da aka cika lambobi biyar, maimakon takun doki sai a tsallaka gida biyu dama a kan layin da ake, a ɗora daga nan. Abin da zai fito shi ne:

1, 19, 7, 25, 13
10, 23, 11, 4, 17
14, 2, 20, 8, 21
18, 6, 24, 12, 5
22, 15, 3, 16, 9

Kowane layi 65 ne, a kwance da a tsaye da a karkace.

Dalilin da ya sa hakan ke faruwa ba ya bayyana muddin ana kallon lambobin da idon goma-goma. Sai an koma wa mai ƙirgar wuri. A cire 1 daga kowace lamba, domin ƙirga ta fara daga sifili ta tsaya a 24. Sannan a tambayi kowace lamba: tulin biyar nawa ne a cikinki, saura nawa? Lamba 18 tuli 3 ce da saura 3, a rubuta ta 33. Lamba 9 tuli 1 ce da saura 4, a rubuta ta 14. Wannan shi ne abin da malaman lissafi ke kira rubuta lamba a tushen biyar. Layin farko na hatimin, wanda ya koma 0, 18, 6, 24, 12, sai ya zama 00, 33, 11, 44, 22. Layi na biyu ya zama 14, 42, 20, 03, 31.

A nan asirin ya tonu. A kowane layi, alƙaluman hagu su ne 0, 1, 2, 3, 4, kowanne sau ɗaya, na dama ma haka, sai dai jerinsu ya sauya. Tuli goma ne a kowane layi, wato 50, da saura goma, 60 ke nan, a mayar da biyar ɗin da aka cire, 65. Hatimin ashe hatimai biyu ne aka ɗora wa juna: ɗaya na tuli, ɗaya na saura. Takun doki aikinsa ya rarraba saura, kada biyu iri ɗaya su haɗu a layi. Tsallaken da ake yi bayan kowace biyar shi ke rarraba tuli. Haka kuma ake gane abin da ya sa hanyar ta fi son wutiri: taku biyu-biyu a kan fili mai layi shida yakan dawo inda ya fara bayan ya taka layi uku kacal, alhali a kan layi biyar sai ya zagaye duka kafin ya dawo.

Hatimin allo mai gida tara ma haka yake. Idan aka cire 1 aka ƙirga uku-uku, layin sama zai zama 10, 22, 01, na tsakiya 02, 11, 20, na ƙasa 21, 00, 12. Sifili da 1 da 2 ne ke musayar gida, ba wani abu ba.

Jimillar hatimai kuwa jeri ce mai tsari: 15 ga mai gefe uku, 34 ga mai huɗu, sannan 65, 111, 175, 260, 369. Tsofaffin littattafai sun raba waɗannan bakwai ga taurari bakwai masu tafiya, daga Zuhal mai gida uku-uku zuwa wata mai tara-tara. Kowace jimilla a jerin tana da alaƙa da tushenta. A kowane tushe, rubutun 11 na nufin tuli ɗaya da saura ɗaya: 6 ne a tushen biyar, 8 a tushen bakwai. A tara alƙaluman tushen, a ninka da wannan 11 ɗin, a ƙara tsawon gefe. A tushen bakwai, alƙaluma daga 0 zuwa 6 sun ba da 21; sau 8, 168; a ƙara 7, 175. Wannan jeri na cikin kundin jerin lambobi da Neil Sloane ya fara tarawa a 1964, wanda yanzu yake a intanet, inda masu bincike ke bibiyar irin wannan dangantaka tsakanin siffar lamba a wani tushe da siffarta a wani.

Maganar tushe harshen masana lissafi na baya ne. Al-Katsinawi da taku da gidaje ya yi bayani, kuma hanyoyinsa na ba da amsa daidai ko an san dalilin ko ba a sani ba. A Turai, Leonhard Euler ne ya wallafa nazarin ɗora fili biyu a kan juna a 1782, shekara 41 bayan rasuwar malamin Katsina. Ya yi hasashen cewa hakan ba zai yiwu a fili mai gefe shida ba, kuma sai a 1900 wani Bafaranshe, Gaston Tarry, ya tabbatar da wannan. Daga 1920 zuwa gaba, Ronald Fisher ya yi amfani da irin wannan fili a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, domin raba gona ta yadda kowane iri ko taki zai faɗo sau ɗaya a kowane layi, kada kyawun ƙasar wani ɓangare ya ruɗi mai gwaji. Ɗalibin aikin gona a Jami'ar Tarayya ta Dutse da ke gwada irin riɗi ko gero a fili mai irin wannan tsari, ɗan'uwan hatimi yake shatawa a ƙasa da igiya da turaku.

Abin da ba nasa ba, da abin da yake nasa

A 'yan shekarun nan sunan al-Katsinawi na yawo a Facebook da sauran kafafe, galibi da ƙarin gishiri. Ana cewa shi ya ƙirƙiro hatimi, ana liƙa masa hotunan mutanen da ba shi ba. Wannan ba karramawa ba ce. Hatimi mai gida tara ya daɗe a ƙasar Sin tun kafin Musulunci. Ikhwan al-Safa na Basra sun kawo hatimai a rasa'ilinsu a ƙarni na 10, Abul Wafa al-Buzjani, wanda ya rasu a 998, ya rubuta risala a kan gina su, kuma littattafan da ake jingina wa Ahmad al-Buni na ƙarni na 13 ne suka yaɗa amfani da su a matsayin asiri har ƙasar Hausa. Jakadan Faransa a Siyam, Simon de la Loubère, ya buga wata hanyar gina hatimin wutiri a 1691. Malamin Katsina magaji ne a cikin doguwar silsila. Nasa shi ne ya ƙware a fannin tun yana gida, a hannun malaman Barno da Bagarmi da ƙasar Hausa, ya tattara hanyoyin ya tsara su, ya kai su birnin Azhar a matsayin mai koyarwa.

Haka nan ba adalci ba ne a wanke shi a mayar da shi farfesan lissafi irin na yau. Ya yi imani da cewa haruffa da lambobi na da tasiri, ya rubuta littafi sukutum a kan ɗalasimai, ya hori ɗalibi da ɓoye abin da ya koya, kamar yadda ya hore shi da naci idan aiki ya ƙi. Mai ƙin wannan ɓangare na da hujjojinsa na addini, kuma muhawarar ta girmi kowa da ke raye. Sai dai 65 ɗin nan ba ta dogara da imanin kowa ba. Wanda ya yarda da laya da wanda ya ƙone ta, in suka tara layin, amsa ɗaya za su samu.

Asarar da aka yi ta faru ne a tsakanin ɓangarorin biyu. Tsangaya ta riƙe zanen, ta rufe shi da sirri, har ƙa'idar ta zama abin da ake raɗa wa ɗalibi ɗaya cikin ɗari. Makarantar boko ta zo da nata lissafin cikin Turanci, ta koya wa yaro tushen biyu da tushen biyar a ƙaramar sakandare kamar wani abu da aka sauke daga jirgi, ba tare da ta gaya masa cewa kakarsa ta ƙirga wuri biyar-biyar ba, ko cewa hatimin da ke rataye a wuyan ƙaninsa darasi ne a tushen uku. Gwamnatoci sun sha shelar haɗa tsangaya da boko, an gina azuzuwa, an yanka ƙyalle, amma haɗin kan tsaya ne a kai wa almajiri darasin boko. Ba a cika tambayar abin da ke cikin buhun littattafan malaminsa wanda zai amfani ɗan boko ba.

Wasiyya

Al-Katsinawi bai komo gida ba. Ya rasu a gidan Hasan al-Jabarti a 1741, bayan ya naɗa shi wasiyyi a kan abin da ya bari da littattafansa. Mai gidan ya binne shi a maƙabartar al-Mujawirin, ya yi gini a kan kabarin, ya rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa.

Wajen shekara takwas bayan haka, Daular Usmaniyya ta turo wa Masar wani gwamna, Ahmad Basha, mai sha'awar ilimin lissafi da taurari. Ya zauna da manyan malaman Azhar ya yi musu tambayoyi a fannin, suka kasa, har ya nuna wa Shaihun Azhar, Abdullahi al-Shubrawi, cewa abin da ya ji game da ilimin Masar ya fi abin da ya tarar. Shaihun ya nuna masa mutum ɗaya da zai fitar da su kunya: Hasan al-Jabarti. Gwamnan ya riƙa karatu a wurinsa. Cikin waɗanda wannan malami ya ɗauki ilimi a hannunsu har da baƙon nan na Katsina da ya rasu a ɗakinsa.

Wanda ya adana duk wannan labari shi ne ɗan Hasan, Abdurrahman al-Jabarti, wanda aka haifa fiye da shekara goma bayan rasuwar al-Katsinawi, ya girma ya zama babban marubucin tarihin Masar, shi ne ya ba da labarin mamayar Napoleon ta 1798. A cikin littafinsa Aja'ib al-Athar ya ware wa baƙon mahaifinsa gurbi a jerin manyan da suka rasu, da sunayen malamansa da na littattafansa. Kusan duk abin da ake faɗa a yau game da rayuwar malamin daga wannan gurbi ya fito. A gida kuwa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace shi a Infaƙ al-Maisur cikin malaman wannan ƙasa.

Littattafan sun bi tasu hanyar. An buga al-Durr al-Manzum a Alƙahira a 1961, ya shiga hannun masu sayar da littattafan asiri. Kwafin Bahjat al-Afaƙ na rubutun hannu yana ɗakin karatu na makarantar nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan. Daga wannan kwafi ne wata malamar lissafi Ba'amurkiya, Claudia Zaslavsky, ta ɗauko shafuka ta sa a littafinta Africa Counts a 1973, ta bayyana takun dokin ga malaman makarantun ƙasarta. Daga baya masanin tarihin lissafi Jacques Sesiano, ɗan ƙasar Suwizalan, ya nazarci hanyoyin nasa tare da na sauran malaman Larabci da suka yi rubutu a kan hatimin wutiri.